Malam Nawa Ne a Gwallaga?

Ranar da na fara ɗora ƙaramin buhun shinkafa a ka na nufi shagon Madam Nkechi, matan layinmu sun zaci niƙa zan kai. Da suka gane makaranta za ni, sai dariya ta tashi tun daga bakin famfo har bakin titi. Wai Zinariya mai masa, da furfurarta da jikokinta, ta shiga makarantar 'yan Caina. Na ce musu gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ko gemun ba ni da shi. Na gyara mayafina na wuce.

Abin da ya kai ni ba ɓoyayye ba ne. Mijina ne a kwance. Mai gyaran keken ɗinki ne, babu telan da bai san hannunsa ba daga unguwarmu Gwallaga har kasuwar Wunti. Mutum ne mai tsokana, wanda ko ruwa zai roƙa sai ya haɗa da zolaya. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, bai ƙara miƙewa ba. A asibiti suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Sun yi iya nasu, suka sallame mu da ƙwayoyi, suka ce a riƙa motsa masa gaɓoɓi kada su sandare. Yadda za a motsa ɗin an nuna mini sau ɗaya a tsaitsaye, kafin mu iso gida na manta. Hannun ya naɗe a ƙirjinsa kamar fiffiken kaza, magana ta ɗauke gaba ɗaya, aka bar ni da idanu biyu masu kallon rufi.

Ba zan faɗi sunansa yanzu ba. Shekara talatin da ɗoriya muna tare, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Uwata ba ta faɗi na ubana ba har ta koma ga Allah, haka na tashi na gani, haka kuma na yi. Malam nake ce masa. Akwai wani mai kayan miya a kasuwa da ke da sunan, Mai Sunan Malam nake kiransa, shi ma ya saba. In an matsa, sai in ce sunan wani babban mala'ika ne, wanda aka ɗora wa sha'anin ruwan sama.

Ita Madam Nkechi tsohuwar mai sayen masata ce. Tana da shagon kayan shafe-shafe kusa da Wunti, ta daɗe tana zuwa Caina sarin kaya. Can ciwon baya ya taɓa kwantar da ita, aka yi mata wata irin tausa ta miƙe, ita kuwa da taurin kai irin nata ta zauna sai da ta koya, har da ilimin abincin marasa lafiya. Da ta dawo ta share ɗakin da ke bayan shagonta tana koya wa mata. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta.

"Mama Masa," ta ce mini wata rana ina naɗe mata masa a takarda, "ka zo ka koya. Na ga yadda hannunka yana juya masa, akwai ƙarfi. Maigida yana bukata."

Na ce, "Madam, ni da ko sunana ban iya rubutawa sosai ba?"

"Ba biro ne zai yi tausa ba. Ka zo."

Sunan tausar a bakin 'yan Caina tuwina. Kafin mako ya zagayo mutanen Gwallaga sun mayar da shi tuwona, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Zinariya, yaya tuwon naki, ya nuna?" In ce yana kan wuta, in ya nuna ba za ku ci ba.

Darasin farko bai da alaƙa da jikin mutum. Kowacce aka ba ta ɗan buhu kamar matashin kai, cike da shinkafa. A ɗora bayan hannu a kai, a mirgina gaba, a mirgina baya, ƙarfin ya fito daga gwiwar hannu, kafaɗa kuma a sake ta. Madam ta ce ba mai taɓa jikin ɗan Adam sai shinkafarta ta farfashe ta koma tsaki. Ni da na ƙare rayuwata ina jiƙa shinkafa ina kai wa inji, yau ga ni ina niƙa ta da bayan hannu. Yatsuna suka kumbura, fata ta saɓule. 'Yan ajin yawancinsu yara ne, akwai ma'aikatan jinya biyu, suna rubutu fyar-fyar, ni kuwa sai an maimaita mini abu sau da yawa kafin ya zauna. A bango akwai wani babban hoton mutum ba riga ba wando, an zazzana masa layuka daga kai har tafin ƙafa, wai hanyoyin da ƙarfin jiki ke bi. Kwanakin farko ƙasa nake kallo. Daga baya na ce wa kaina, ke Zinariya, kin haifi 'ya'ya kin yi wa gawa wanka, hoton takarda ne zai ba ki kunya? Na ɗaga kai na kalle shi sosai.

Da safe in yi masa in sayar, in wanke Malam, in ba shi abinci da ƙwayoyinsa, sannan maƙwabciyata A'i ta shigo da ɗinkin hularta ta zauna kusa da shi har in dawo kafin la'asar. Ƙwayoyin asibiti kuwa Madam ta ja mini kunne a kansu tun ranar farko. Ta ce duk ranar da na daina ba shi, ko na fasa kai shi ganin likita, in daina zuwa ajinta.

Ɓangaren abinci shi ya fi ba ni wuya, don ya taɓa mutuncina na mai girki. Gishiri sai ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Dunƙule a ajiye shi, a koma wa daddawa da tafarnuwa da citta. Mai sai a ɗiga. Faten acca da alayyahu, wake da zogale, kunun gero ba sukari. Masata ma, wadda ake layi a kanta, Madam ta ce sai jefi-jefi. Ranar da na fara kai masa miyar nan ya ɗanɗana ya kalle ni, wani kallo da na san da bakinsa na aiki da na sha zolaya har dare. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, ni ma ita zan ci." Kuma ita na riƙa ci.

Da shinkafata ta zama tsaki, Madam ta ce in fara. Na fara daga kafaɗa, in mirgina bayan hannu har wuyan hannunsa, in danna tsakanin babban yatsa da manuni, in buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe in sa yatsuna biyu a tafinsa in ce, "Malam, matse." Ba ya matsewa. Amma a hankali hannun ya saki, ya sauko daga ƙirji ya kwanta a gefensa, kumburin ƙafa ya ragu, likita ma ya ce jinin ya sauka. Ni dai na san akwai abin da ke tafiya.

Sai labari ya kai Miri, ƙauyen su Malam.

A Miri yayansa Mijinyawa yake, manomin dawa da masara, shi ne babba a gidansu. Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin kirki ne, shi ya goyi ƙanen nan nasa a baya lokacin da uwarsu ke gona. Amma irin mutanen nan ne da in sun faɗi magana suke jin an gama ta. Abin da aka kai masa shi ne, matar ƙanensa tana barin mara lafiya a hannun maƙwabta, tana zuwa ɗakin wata Inyamura inda aka kafe hoton namiji tsirara, tana koyon tausa irin wadda ake yi a otal.

Ya zo a kan babur da ƙunshin tsire da kwalbar man shanu. Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaishe shi. Ya tarar ina ba Malam abinci, sai ya miƙa hannu ya lakaci miyar ya kai baki.

"Wannan miya ne ko ruwan wanke tukunya?"

"Miya ce, Yaya."

"Ina gishiri? Akuya ne shi da za ki cika masa ciki da ganye? Dubi yadda ya rame. Buɗe tsiren nan ki ba shi ya ji maiƙo."

"Ba zai ci ba, Yaya. Maiƙon da gishirin su suka kwantar da shi."

"Allah ne ya kwantar da shi."

"Haka ne. Kuma Allah ne ya ce a nemi magani."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Maganin Caina? Ko tocilar Caina aka saya yau, jibi ta mutu." Na ce to ai ga hannun nan, ya duba da kansa yadda ya saki. Bai duba ba. Duk zamansa bai yi wa ƙanensa magana ko ɗaya ba, sai dai "yaron nan ya rame", "yaron nan ya sha wuya", a kan mutumin da ya ba sittin baya kuma yana kwance yana jinsa. Da zai tafi na ɗauki tsiren da man shanun na rataya masa a babur. Na san cin fuska ne. Na kuma san in na bar su a gidan, wani mai tausayi zai tura wa Malam a baki da zarar na juya baya.

Bayan 'yan kwanaki Madam Nkechi ta zo duba aikina, kamar yadda take bin kowace ɗaliba gida. Ta cire takalmi ta zauna a kan kujerar tsuguno tana kallo. Na yi komai yadda aka koya mini, har na zo ƙarshe na ce, "Malam, matse."

Ta ce, "Hannunka ya yi kyau, Mama. Amma kana tausa buhun shinkafa ne har yanzu."

Raina ya ɓaci. Na ce me take nufi.

"Malamina a can ya ce tausa aikin mutum biyu ne. Kai ka je da hannunka, shi ma ya zo ya same ka. Wannan bai zo ba. Yana can nesa. Wa kana kira?"

"Malam mana."

"Malam nawa ne a Gwallaga? Mai shayi Malam, mai faci Malam, liman Malam. Tun da ya kwanta kowa yana ce masa mara lafiya, kai kana ce masa Malam. Mene ne sunansa?"

Na ci gaba da buɗe masa yatsu. A'i da ke gefe ta tuntsire da dariya ta ce, "Madam, ai ko wuƙa za ki sa mata a wuya ba za ta faɗa ba." Ita ta faɗa mata sunan. Madam ta matsa kusa da gadon, ta sunkuya, ta kira shi da "Oga" a gaba. Wallahi ina tsaye na ga ƙwayar idonsa ta baro rufi ta sauko kanta. Ɗan lokaci kaɗan ne, ya mayar da ita inda take. Amma na gani.

"Ka gani?" in ji Madam. "Ni baƙo ne. In kai ka kira, zai zo."

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Watanni ina wanke mutum ina juya shi, wata ta zo da kalma ɗaya ta samu kallon da ni ban samu ba. Na ce mata, "Madam, ku a wurinku mace na iya kiran mijinta kamar tana kiran ɗan aike. Mu ba a yi mana wannan tarbiyya ba." Ta ɗaga kafaɗa ta sa takalminta. A bakin ƙofa ta ce, "Kunya mai kyau ne, Mama. Amma ba ya motsa yatsa."

Na gwada, ban ce ban gwada ba. Da hantsi, bayan na sauke tanda, gidan ba kowa, na rufe ƙofa na zauna a bakin gadon na buɗe baki. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Harafin farko ya zo leɓena ya tsaya. Sai in ji kamar uwata na tsaye a bayana da muciya. Na yi ta fama kwana da kwanaki, ƙarshe kullum sai in ce "Malam" in share hawaye in ci gaba da mirgina hannu.

Ana haka Mijinyawa ya aiko. Bai zo da kansa ba, saƙo ya bayar: dangi sun zauna sun yanke shawara, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zo da mota a ɗauki mara lafiya a mayar da shi gidan ubansa. In ina so in biyo su, ɗaki na nan. In makarantar Caina ta fi mini, to ga ni ga ta.

Na san abin da ke jiransa a Miri. Za a shimfiɗe shi a ɗakin zaure, a yi ta shigowa ana "sannu, sannu" ana kaɗa kai. Za a ɗura masa romo da man shanu saboda ƙauna. Ƙwayoyi in sun ƙare sai an tuna. Hannun nan da na yi watanni ina lallashi zai koma ƙirji ya naɗe, ba mai taɓa shi sai ranar wanka na ƙarshe. Ni kuwa a can matar ƙane ce kawai, ko cokali ban isa in hana a kai bakinsa ba. 'Ya'yana duk mata ne, suna gidajen mazajensu, an kira su an ce kada su sa baki a maganar manya. Tsoro ya kama ni sosai, daga baya fushi ya zo ya kore shi.

Ranar Juma'ar ban fasa komai ba. Na yi masata na sayar, na yi masa wanka, na sa masa farar rigarsa, na yi masa tausa tun daga kafaɗa har yatsu. Ban haɗa kayansa ba, ko tsinke.

Bayan an sauko suka iso da a-kori-kura, an shimfiɗa katifa a baya. Mijinyawa ne a gaba, sai wani ɗan baffansu Yero, sai Babayo direba. Sun biya sun ɗauko limamin ƙaramin masallacin layinmu don ya ba ni baki, wani tela abokin Malam ma ya biyo su. Mata suka cika soro da kan katanga. Gwallaga ba a gayyatar ta kallo.

Liman ya yi nasiha mai kyau a kan haƙuri da biyayya. Na saurara har ya gama, na ce na gode, amma ba inda za a kai shi. Mijinyawa bai ko dube ni ba. Ya ce, "Yero, Babayo, ku shiga ku ɗauko shi." Suka ɗauko shi da tabarmarsa, kowa ya kama gefe, suka fito da shi tsakar gida. Idanunsa a rufe. Ya saki jiki kamar kayan wanki, ko wuya bai ɗaga ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona mini rai.

Na sha gabansu na tsaya a ƙofar soro, na ware hannuwa na dafe bango biyu.

"Ku ajiye shi."

"Zinariya, ki ba mutane hanya," in ji Mijinyawa. "Kada ki sa in faɗi abin da ba na so."

"Faɗi, Yaya, kunnena ya saba. An ce ina zuwa otal, an ce ina kashe shi da yunwa. Duk na ji. Amma mutumin nan ba buhun masara ba ne da za a ɗauka a jefa a mota. Wa ya tambaye shi? Ku ajiye shi ku tambaye shi. In ya ce Miri, ni da kaina zan kama tabarmar."

"A tambayi wa? Mutumin da ba ya ji ba ya gani?"

"Yana ji."

Liman ya ce a ajiye shi, ai tambaya ba ta ɓata komai. Suka sauke shi a inuwar bango. Na durƙusa a gefensa, na ɗauki hannun daman, na sa yatsuna biyu a tafinsa. Na ɗaga murya na ce, "Malam!"

"Na'am?" in ji liman.

"Na'am?" in ji tela daga bayansa. Har Yero sai da ya waiwayo.

Mata a kan katanga suka fashe da dariya. Wanda na kira kuwa ko gira bai motsa ba. Mijinyawa ya ce, "To kin gani. Ku ɗauka."

Tambayar Madam ce ta faɗo mini a rai, da muryarta da komai. Ga amsarta nan a tsakar gidana, mutum uku sun amsa, nawa bai amsa ba. Na dubi Yero yana sunkuyowa zai kama tabarma. Na ce wa kaina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwata ta yafe mini.

"Mika'ilu!"

Ban san da ƙarfi haka zai fito ba. Dariyar ta yanke kamar an ɗauke wuta. Wata tsohuwa a soro ta ce, "La'ilaha illallahu!" Yero ya saki tabarmar ya ja da baya.

Idanunsa suka buɗe. Ba rufi ya kalla ba, ba sama ba, ni ya kalla, kallo irin na mutumin da aka tasa daga barci da ruwan sanyi.

"Mika'ilu," na sake cewa, yanzu da na fara ai sai in ƙarasa. "Mika'ilu ɗan Miri, mai gyaran keke, da kai nake. Na gaji da yi ni kaɗai. Ga yatsuna a hannunka. Matse."

Ba abin da ya faru da farko. Ina jin numfashin mutane a bayana. Sai na ji ɗan yatsansa na tsakiya ya motsa, kamar motsin ɗa a ciki. Manuni ya biyo. A hankali, suna karkarwa, yatsun nan da na yi watanni ina buɗewa da hannuna suka rufe a kan nawa. Ba wani ƙarfi, ko ƙwai ba zai fashe a ciki ba. Amma shi ya rufe su, ba ni ba.

Bakinsa ya fara aiki. Gefe ɗaya na ja, ɗayan ya ƙi, miyau na zuba, jijiyar wuyansa ta tashi. Kowa ya matso. Na kai kunnena kusa, amma ba a bukaci haka ba, duk tsakar gidan an ji.

"Ma... ra... kun... ya."

Rabin fuskarsa mai rai ya yamutse. Dariya yake yi. Mutumin nan, bayan duk watannin da ya yi shiru, abin da ya fara samu ya faɗa mini ke nan. Na fashe da kuka ina dariya, na ce, "Na ji, ni ce. Mara kunya ce ni. Yanzu faɗa musu: Mika'ilu, za ka Miri?"

Ya juya kai gefe, ya dawo da shi, ya sake juyawa. Yatsunsa ba su sake ni ba.

Mijinyawa ya nemi wuri ya zauna a kan turmina da ke kife. Ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza. Da ya sauke hular sai ya matso ya tsuguna, ya dafa ƙafar ƙanensa, a karo na farko tun da ciwon ya zo ya yi masa magana kai tsaye. Ya ce, "Ashe kana ciki?" Sannan ya miƙe ya ce wa Yero da Babayo su mayar da shi ɗaki, su bi a hankali.

A soro ya tsaya, ya mayar da hularsa, girman kansa ya dawo tare da ita.

"Kin kira sunan mijinki a gaban liman, a gaban duniya. A gidanmu ba a taɓa yi ba."

"An yi yau, Yaya. Gobe ma za a yi."

Ya ce, "To ki riƙa ƙara gishiri wa miyan nan, ko kaɗan ne."

"Ba zan ƙara ba."

Ya girgiza kai ya fita, a-kori-kura ta koma Miri da katifarta.

Wasu matan layin sun yi makonni ba sa amsa gaisuwata sosai, wai na zubar da mutuncin matan aure. Masa dai ba su daina saye ba. Na koma aji ranar Litinin, na ba Madam labari, ta buga tebur ta ce, "Na faɗa maka!" sannan ta ce in daina surutu in je in gyara yadda nake danna gwiwar hannu, har yanzu ina sa kafaɗa.

Bai tashi ya yi tafiya ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishirin da na hana miya. Yana zama da kansa in an jingina shi. Hannun yana riƙe cokali, wani lokaci ya kai baki, wani lokaci ya zubar a riga. Kalmominsa ba su da yawa, kuma sai ya yi gumi kafin ɗaya ta fito. Likita ya ce a ci gaba da abin da ake yi, ni ma ban yi niyyar dainawa ba.

Kullum da safe, in na sauke tanda na wanke hannu, sai in ɗaga labulen ɗakin in tsaya. Ba na rage murya, duk mai kunne a layin ya ji.

"Mika'ilu, miƙo hannun."

Sai ya juyo da rabin murmushin nan, ya tattara ƙarfinsa, ya ce, "Mara kunya."

Sannan ya miƙo.